Ƙullin da Na Yi wa Yaya

Ni ce na zubar wa Mai Usur haƙora uku da ludayin miya, kuma ba zan tsaya ina kwana-kwana ba, na yi. Duk wanda ke kicin ɗin kamfani ran nan ya gani da idonsa. Abin da ba su gani ba shi ne abin da na yi a ɗakinmu da safiyar, kafin mu fito aiki. Shi nake so in faɗa, don riƙe shi ya ishe ni.

Kunama ake ce mini a wurin aiki. Ba ni na raɗa wa kaina ba, amma ban taɓa cewa a daina ba. Wanke-wanke nake yi, can ƙuryar kicin inda manyan baho uku suke. Yayata kuwa ita ce babbar mai girki, shekara goma sha tara tana gaban murhu, bakin ma'aikata ɗari shida take ciyarwa kullum. Ita ta raine ni tun ina shekara shida da mahaifiyarmu ta rasu, kuma duk duniya ita kaɗai ke ce mini Auta. Ɗakin da muke kwana, ni da ita da 'ya'yanta mata biyu, na kamfani ne, da sunanta aka bayar. Ranar da Yaya ta bar murhu, ranar za mu fito da katifunmu bakin titi.

Masifar ta fara ne da ciwon ciki. A mako ɗaya ma'aikata kusan arba'in suka kwanta, amai da gudawa. Har yau ba a gano daga ina abin ya fito ba. Ni dai na ce ruwan tankinsu ne, amma da yake kicin ba shi da mai tsaya masa, a kanmu aka sauke kwandon. Aka kafa mana robar sanitaiza, ruwan nan na kashe ƙwayoyin cuta a hannu, a bango bakin ƙofa, wata bakin sito, wata bakin banɗaki. Aka kuma kawo mana mai sa ido, wani siririn mutum mai farar riga da usur rataye a wuya. Duk rabin awa zai busa, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa ya je ya matsa ya murza. Ka fita ka dawo, ka matsa. Ka taɓa ƙofa, ka matsa. Ka yi atishawa, ka matsa. Wata rana na sa ido na ƙirga wa Yaya, sau talatin da ɗaya ta matsa kafin mu tashi.

Akwai doka ta biyu da aka manna a bango da jan rubutu. Duk mai ciwo a hannu, ko da tsagar reza ce, ba zai shiga kicin ba. In ya yi mako biyu bai warke ba, a ba wani gurbinsa.

Ni abin bai ci ni sosai ba, don hannuna yana wuni cikin doguwar safar roba, ɗan kaushi kawai na yi. Yaya ce ta shiga uku. Ga zafin wuta, ga tururi, ga gishiri da barkono, ga wannan ruwan da ke tsotse man fata tas. Da farko bayan hannunta ya yi fari-fari kamar an barbaɗa gari. Sai ƙaiƙayi, irin wanda ba ya barin mutum ya yi tunani. Ta yi ta susa har da bayan cokali, sai ta ga jini take bari. Daga nan fatar ta fara tsagewa a gaɓoɓin yatsu, tsaga mai zurfi, ja-wur a ciki. In ta dunƙule hannu sai su buɗe baki duka.

To a kan wannan ɗanyen naman take matsa sanitaiza. Na sha ganinta ta juya wa mutane baya, ta cusa wuyan rigarta a baki ta cije. Wata rana ta fyaɗa hannun da bango har sau uku don zafin dukan ya danne na raɗaɗin. Ta juyo ta ga ina kallonta, ta ce, "Me kike kallo? Tukwane na jiranki."

Na je wurin Mai Usur da lalama, abin da ba halina ba. Na ce, "Yallaɓai, ruwa da sabulu ba tsabta ba ne? A bar masu gaban wuta su riƙa wankewa a famfo mana."

Ya ce, "Takarda sanitaiza ta ce."

Na ce, "Takardar tana da fata?"

Ya ce in wuce in ba shi wuri, na wuce ina tsaki.

Mai kemis ɗin layinmu ya duba hannun, ya girgiza kai. Ya ba mu man shafawa mai kauri, ya ce ta riƙa lafta shi safe da yamma, ta rufe, sannan ta huta da wannan ruwan na mako biyu ko uku. Yaya ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Ɗana, in na huta mako biyu, hutun har abada ke nan."

Sai muka ɓullo da dabara. Na yayyaga tsohon zanenta sili-sili. Kullum da safe ta zauna bakin katifa ta ɗora hannuwanta a cinyata, in lafta man, in naɗe yatsa ɗaya bayan ɗaya, in naɗe tafin, in zo wuyan hannu in ƙulle. A kai sai ta sa safar auduga mai kauri, irin wadda masu gaban wuta ke sauke tukunya da ita, ba mai tambayar don me. Kwana biyun farko ita ta ƙulla da kanta da haƙori, sai bakin ƙyallen ya leƙo daga cikin safa Mai Usur na tsaye taku biyu da ita. Daga ranar na karɓi ƙullin. Ni kuwa in na yi ƙulli, sai wuƙa. Da yamma da almakashi muke yankewa, har yaran na tsokanata wai in koma ɗaurin kaya a tasha.

Dabarar ta ɓoye ciwon, amma ba ta rage azabar ba. In an busa usur, sai ta je jikin bango ta juya baya, ta zame safar zuwa rabi, ta matsa kaɗan don a ji ƙarar robar. Ƙyallen ya shanye, ya riƙe. Raɗaɗin da a da ke wucewa cikin minti ɗaya sai ya koma zaman dirshan. Na ga haka da idona, na san ƙyalle na riƙe ruwan nan, amma tunanina bai wuce zafin da take ji ba.

Wata safiya na riga kowa shiga, na kwance robobin nan uku, na tuttular da su a magudana, na cika su da ruwan famfo da ɗan sabulun ruwa don ya yi santsi. Ko Yaya ban gaya wa ba, sai da ta matsa ta ji ba raɗaɗi, ta ɗago ta nemo ni da ido. Na ɗauke kai ina goge tukunya.

Kwana tara muka samu. Wallahi kwana taran nan na ga Yayata ta dawo mutum. Tsagar ta fara haɗe baki, ta daina susa, har waƙa na ji tana yi ƙasa-ƙasa wajen tace shinkafa. Duk safiya in an cika robobin, ni kuma in bi baya in sauya.

A rana ta goma masu duba tsabta suka zo daga babban ofis, Manaja na biye da su yana washe baki. Wata mace a cikinsu ta matsa robar bakin ƙofa, ta murza, ta kai hanci, ta sake kai hanci. Ta miƙa wa Manaja tafinta ya shinshina.

Suna fita Manaja ya dawo shi kaɗai. Ƙato ne, wuyansa ya kai cinyata. Ya shaƙi Mai Usur da igiyar usur ɗinsa, ya maka shi da ƙofar firji har kwanukan da ke sama suka zubo. Ya kwaɗa masa mari da bayan hannu, leɓe ya fashe, jini ya ɗiga a farar rigar. Ya ce, "Aiki ɗaya na ba ka, ɗaya tak, ka bari mata suna wasa da kai." Ya sake maka shi, igiyar ta tsinke, usur ya gangara ƙarƙashin tebur. Muna tsaye mu ashirin da wani abu, ba wanda ya motsa. Mai Usur ya durƙusa ya laluba ya ɗauko usur ɗinsa, ya tashi yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya. Ya tambaya wa ya sauya ruwan robobin, kowa ya koma kan aikinsa.

A ɗakin canza kaya ne Mai Albasa ta buɗe baki. Mace ce mai yawan dariya da yawan gulma, aikinta yankan albasa da kayan miya. Tana cire hula ta ce, "Wasu dai sun cika sammako kwana biyun nan. In aka matsa mini da tambaya, ni ba zan rasa aikina don hannun wata ba."

Ban bari ta rufe baki ba. Na cafki gashinta na buga goshinta da ƙofar lokar ajiye kaya, na sake bugawa. Ta yakushe ni a wuya, na murɗe hannun ta baya har ta durƙusa, na ce, "Ki faɗa, in ban yanka harshen nan da wuƙarki ba ki ce ba uwata ta haife ni ba." Yaya ce ta ɓamɓare ni. Da hannuwan nan nata ta riƙe ni ta ja da ƙarfi, na ji ta yi wani nishi. Da na waiga, jini ya ɓullo ta safar a wuri huɗu. Duk abin da kwana tara suka haɗa, ni na buɗe shi cikin minti ɗaya.

A hanya ba ta yi mini magana ba sai da muka kai ƙofar ɗaki. Ta ce, "Auta, zuciyarki ce za ta kashe mu."

Washegari da safe na lafta man fiye da kullum, don tsagar ta yi muni. Na ninka ƙyallen. Da na zo wuyan hannu na ja da ƙarfi, na yi ƙulli uku a kan juna.

Ta ce, "Sassauta mana, ya matse ni."

Na ce, "Gara matsi da tonon asiri. Yau idon mutumin nan a buɗe yake."

Ta miƙo ɗaya hannun.

Muna isa muka tarar an cire robobin bango. Mai Usur na tsaye a bakin ƙofa, leɓe a kumbure, ya ɗaura wa usur sabuwar igiya, yana rungume da wata ƙatuwar kwalbar sanitaiza. Kowa sai ya miƙa hannu tsirara, ya juya gaba da baya, shi da kansa zai zuba. Layi na tafiya. Mai Albasa na gabanmu da ƙulu a goshi, ta wuce ba ta kalli kowa ba. Sai ga Yaya, ni ina bayanta.

Ya ce, "Mama, cire safar."

Ta ce, "Yallaɓai, wankakkiya ce, yanzu na sa."

"Ban tambaye ki ba. Cire."

Ya kai hannu ya kama bakin yatsun safar zai ja, Yaya ta yi ƙara ƙasa-ƙasa. Na doke hannunsa. Na shiga tsakaninsu har ƙirjina na taɓa kwalbar, na ce, "Sa'ar uwarka ce, kar ka sake taɓa ta. Wanda ya mare ka yana ofis, ka je can ka rama. In tsabta kake so, ai safar ce ke taɓa tukunya ba fatar ba. Zuba a kai."

Ya dube ni, jijiyar goshinsa na harbawa. Ya ce, "Haka kika ce?"

Na ce, "Haka na ce."

Ya kwance murfin gaba ɗaya ya jefar. Ya tuttula a hannun dama, ya tuttula a na hagu, bai tsaya ba sai da safar ta jiƙe sharkaf, ruwan na ɗiga ta gwiwar hannunta. Warin sifirit ɗin da ke cikin sanitaizar ya cika ƙofar. Na ga lokacin da ya ratsa ƙyallen ya isa naman, don Yaya ta jingina da kafaɗata. Ba ta yi kuka ba. Ya ce, "Ki wuce. Yau a bayanki zan wuni."

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na ce a raina mun ci, safa ba ta fita ba. Na raka ta har gaban murhu, shi yana biye da mu.

Ta ce mini a hankali, "Bari ya ɗan sha iska tukuna."

Mai Usur ya dubi agogo ya busa, ya ce bakwai ta wuce ruwan shayin ma'aikata bai hau wuta ba. Da ba ya wurin, da ta cire safar ta matse, ta sa busasshiya. Amma yana tsaye, idonsa a kan hannunta. Mu kuwa duk mun saba, ka murza ruwan nan, kafin ka taka zuwa murhu ya bushe, ka kunna wutarka lafiya lau. Wata shida muna haka. Ba wanda ya tuna cewa wannan karon ba a fata yake ba, a auduga yake. Na ce, "Kunna wutarki, Yaya, kar ki ba shi fuska." Na ɗauko ashana daga kan kanta na sa mata a hannu.

Murhun yana jikin babbar taga, ranar safe na dukan wurin. Ta murɗa gas, ta ƙyasta. Wata 'yar ƙara na ji, fuf, shi ke nan. Ban ga wuta ba, ba wanda ya ga wuta, irin wutar nan ba a ganinta cikin rana. Sai muka ga Yaya ta yar da ashana tana yarfa hannuwa, tana juyi a wuri ɗaya, baki buɗe ba murya. Wata daga baya har ta yi dariya ta ce, "Yau kuma rawa ake?"

Ƙauri ne ya fara isowa. Sai safar ta soma baƙi tana nannaɗewa, sai muryar Yaya ta fito, ƙarar da har in mutu ba za ta bar kunnena ba. Ta kai hannu baki ta fizge safar dama da haƙori, leɓenta ya ƙone, ta fizge ta hagu. Safar ta fita, amma ƙyallen yana nan, ya sha mai ya sha sifirit, yanzu kam wutarsa ja ce, kowa na gani. Na kama wuyan hannunta na nemi ƙullin da farce. Ƙulli uku, ni na yi su. Na ja, na yakusa, na kai haƙori, gashin girata ya babbake, ƙullin ko gezau. Tana cewa, "Auta, cire, Auta, cire mini."

Na rungumo ta ta ƙugu na ja ta har ƙuryata, muna ture tebura, na dulmiya hannuwan cikin bahon ɗauraya har gwiwa. Ruwan ya yi cuu. Mai Albasa, wadda na fasa wa goshi jiya, ita ta rugo da wuƙarta ta yanke ƙullin a cikin ruwan. Da ta ɗaga bakin ƙyallen sai fata ta biyo shi. Ta saki, ta juya ta yi amai a ƙasa.

Duk wannan abin usur na tashi. Na waiga na gan shi tsaye inda muka bar shi, kwalbar a hannu, ido waje, yana ta busawa ba ƙaƙƙautawa. Yanzu na san ruɗewa ce, bai san abin da zai yi ba sai abin da ya saba. A lokacin kuwa ji na yi kamar dariya yake mana.

Ludayin miyar ma'aikata na ƙarfe ne, tsawonsa ya kai hannun mutum. Ban san lokacin da na ɗauke shi ba. Dukan farko a kan usur ɗin ya sauka, ya shige bakinsa tare da haƙora. Ya faɗa kan buhunan albasa, na bi shi. Na ba shi a kunne, na ba shi a ƙeya, na ba shi a hannun da ya ɗaga, na ji wani abu ya yi ƙas. Da ludayin ya lanƙwashe na yar, na hau ƙirjinsa da gwiwa na koma naushi. Bakinsa nake nema, guntayen haƙoransa na yanka mini gaɓoɓin yatsu ban ji ba. Jini ya wanke farar rigar har ciki. Bai rama ba ko sau ɗaya. Cikin jinin yana wata magana, sai daga baya na gane cewa yake, "Ban sani ba, ban sani ba." Maza huɗu daga sito suka ɗaga ni sama, na ciji ɗaya a dantse har sai da ya sake ni na sake komawa. Da suka danne ni a ƙasa ne na ga an fita da Yaya, an lulluɓe hannuwanta da jiƙaƙƙen tawul.

Kwana biyu na yi a hannun 'yan sanda. A rana ta uku suka buɗe suka ce in tafi, wai wanda na daka ya rubuta a takarda, da yake bakinsa a ɗinke yake, cewa ba ya ƙara. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Aikina kam ya tafi tun ranar, ban ma tambaya ba.

Daga can asibiti na wuce, rana tsaka. A ƙofar ɗakin masu ƙuna wata nas ta tare ni, ta nuna mini roba a bango. Na matsa na murza ba tare da tunani ba, na manta gaɓoɓina a fashe suke. Sai da na zauna a ƙasa. Zafin ya bi ta ƙashi ya hau har ƙwaƙwalwa, fitsari ya kusa kufce mini. Sau ɗaya ke nan, a tsaga huɗu. Na zauna a wurin ina kallon hannuna ina tuna talatin da ɗaya, har nas ta ce in tashi na tare hanya.

Yaya na gadon ƙarshe. An naɗe hannuwan sun yi girman kai, an ɗora su a kan filo biyu, leɓenta ya yi ɓawo. Likita na tsaye a kanta, ga kuma wani mutum daga ofishin kamfani zaune da takardu a cinya. Likitar ta ce yatsu biyu na dama ba za su tsira ba, sauran kuma ko sun warke ba za su ƙara riƙe abu mai nauyi ba. Ta ce, "Da safar ce kaɗai, da ƙunar sama-sama ce, ai ta cire da wuri. Abin da ke ƙasa ne ya riƙe wutar a jikin naman. Wanda ya yi ɗaurin nan bai yi shi don ya kwance ba."

Mutumin ofis ya gyara zama. Ya yi magana da ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ce kamfani ya san shekarun da Yaya ta yi. In ta tabbata wani ne ya zuba ruwa a robobi, ya kuma ɗaure mata hannu, to ita za a ba ta kujera a sito, ta riƙe ɗakinta. Shi kuma wancan kotu za a kai shi, don ya yi wasa da ran mutum ɗari shida. In kuwa ita ce da kanta, to ta karya doka biyu, ba abin da zai iya yi mata. Ya ce, "Mama, wa ya ɗaure miki?"

Na ce, "Ni ce."

Yaya ta ce, "Rufe mini baki, Auta." Ta juya gare shi. "Ka rabu da ita, kwana biyu a kulle sun ruɗa ta. Ni na ɗaure, da haƙori. Ni na zuba ruwan, ai ni ke da ciwon."

Likita ta dubi Yaya, ta dube ni, ta ce tana da wasu marasa lafiya, ta tafi.

Na durƙusa bakin gadon na ce, "Yaya, ɗakin fa. Yaran fa. Ki bari in faɗa."

Ta sauke murya yadda shi ba zai ji ba. Ta ce, "In sun kulle ki, wa zai ba ni abinci a baki? Wa zai yi mini wanka, wa zai kai ni banɗaki? Yara? Ɗaki ana samun wani. Ki yi mini shiru, sau ɗaya a rayuwarki."

Mutumin ya gama rubutu ya miƙo biro, sai ya ga ba inda zai sa shi. Ya laluba aljihu ya fito da tawadar dangwale, ya dubi filon nan biyu, ya mayar. Ya yi gyaran murya ya ce ko 'yar'uwarta za ta sa hannu a madadinta. Na dubi Yaya, ta kafe ni da idon da take yi mini tun ina ƙarama. Na karɓi biron na sa hannu a ƙasan ƙaryar, jinin yatsana ya ɓata gefen takardar. Ya ce muna da mako biyu mu kwashe kaya, ya yi mata sannu ya fita.

Na zauna a bakin gadon. Ina so in ce ta yafe mini, na san in na buɗe baki ihu zan yi.

Can ta motsa kai a kan filo, ɗankwalinta ya zame, furfurarta ta fito. Ta ɗan ɗaga hannu za ta gyara, ta tuna, ta mayar.

Ta ce, "Ɗaura mini, mutane na wucewa."

Na tashi na zagaya bayanta, na ɗago kanta, na kama bakin ɗankwalin biyu. Na haɗa su zan ja.

Ta ce, "Ki sassauta, Auta."

Sau uku ina ɗaurawa yana zamewa.